Yadda Ake Tantance Takwarori a Tarihi: Wane Bello, Wane Buhari, Wane Attahiru?

Idan ka ga an rubuta "Muhammadu Bello ya ce", kafin ka yarda ko ka tura wa wani, tambayi kanka: wanne daga ciki? Akwai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837. Akwai Sarkin Kano Muhammadu Bello ɗan Ibrahim Dabo, wanda bayan rasuwarsa a 1893 Kano ta faɗa yaƙin basasa. Akwai Muhammadu Bello Mai Wurno, da ya ja ragowar masu hijira bayan yaƙin Burmi har ƙasar Sudan. Ga kuma mai shari'a Muhammadu Bello, mutumin Katsina, Alƙalin Alƙalan Najeriya daga 1987 zuwa 1995.

Mu Hausawa wannan matsala ta fi damunmu a kan wasu al'ummu, domin sunayen yanka da muke juyawa ba su da yawa, kuma da gangan muke mayar wa jariri sunan kakansa ko na wani babban malami. Al'ada ce mai kyau. Amma ɗalibi mai rubuta kundi, da ɗan jarida, da mai wa'azi, da mai yaɗa tarihi a Facebook, duk sai sun koyi raba takwara da takwara, in ba haka ba za su ɗora wa bawan Allah maganar da bai faɗa ba, ko su kwashe aikin wani su ba wani. Ga hanyar da ake bi.

Mataki na farko: kwafe sunan yadda ka same shi

Kada ka gyara komai tukuna. Ɗauki takarda ka rubuta sunan daidai yadda ya zo, da duk abin da ke manne da shi: sarauta, laƙabi, gari, sunan uba, har da jerin da aka bi. Jerin nan yana da muhimmanci ƙwarai. Abubakar Atiku ɗan Shehu ne, shi ya gaji Bello a sarautar Musulmi daga 1837 zuwa 1842. Atiku Abubakar kuwa mutumin Jada ne a Adamawa, mataimakin shugaban ƙasa daga 1999 zuwa 2007. Wanda ya juya sunan don ya fi masa daɗin faɗa ya tsallake shekara fiye da 150 bai sani ba.

Ka rubuta kuma inda ka samo maganar: littafi ne, jarida ce, ko bakin wani dattijo.

Mataki na biyu: kama zamanin

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne raba gardama, shi ya sa nake sa shi gaba da nasaba. Nemi shekara ko da guda ɗaya ce: ta haihuwa, ta rasuwa, ta hawa gadon sarauta, ko ta wani abu da ya faru mutumin yana raye.

Ɗauki sunan Buhari. Imamu Buhari mai Sahihi, Muhammadu ɗan Isma'ila, ya rasu a 256 bayan hijira. Shehu Usmanu yana da ɗa Muhammadu Buhari, wanda zuriyarsa ke Tambuwal. Sarkin Haɗeja Buhari, da ya yi wa Sakkwato tawaye, ya rasu a 1863. Waziri Buhari shi ne wazirin Sakkwato lokacin da Turawa suka ci birnin a 1903. Sai Muhammadu Buhari na Daura, da aka haifa a 1942, ya yi mulkin soja daga ƙarshen 1983 zuwa 1985, ya dawo a farar hula daga 2015 zuwa 2023. Da zarar ka sami shekara, yawanci huɗu daga cikin biyar sun fita.

Sau da yawa shekarar za ta zo maka da lissafin hijira, musamman a littattafan malamai. Mayar da ita ba wuya: ninka shekarar hijira da 0.97, sannan ka ƙara 622. Shekarar 256 za ta ba ka 870. Shekarar 1232, wadda Shehu ya rasu a cikinta, za ta ba ka 1817. Lissafin kan iya kauce wa da shekara ɗaya, amma don raba takwarori ya wadatar.

In babu shekara ko ɗaya, karanta labarin ka tsinci abin da ke tona zamani. Labarin da aka shiga jirgin ƙasa a Kano bai faru kafin 1911 ba. Wanda aka biya kuɗi da naira bai faru kafin 1973 ba. In an ce jihar Katsina, to daga 1987 ne; in jihar Jigawa, daga 1991. Haka ma hoto. Sai a 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto, Shehu kuwa ya rasu a 1817, Bello a 1837. Saboda haka duk hoton da ake yawo da shi a waya ana cewa na ɗayansu ne, ko dai zane ne, ko kuwa hoton wani mutum ne daban.

Sai dai zamani ma yana da inda yake gazawa, kuma babu misalin da ya kai na 1903. A watan Maris na shekarar Turawa suka shiga Sakkwato, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ya fita da jama'arsa ya nufi gabas. Cikin 'yan kwanaki Lugga, gwamnan Turawa, ya naɗa sabon sarki, shi ma sunansa Muhammadu Attahiru. Daga Maris har zuwa Yuli, lokacin da na farkon ya yi shahada a Burmi, mutum biyu ne a raye masu suna ɗaya, kowanne ana kiransa Sarkin Musulmi. Na biyun ya zauna a gadon har 1915. Wanda ya dogara da shekara kaɗai a nan zai iya cewa mutumin da ya ƙi Turawa shi ne ya yi musu mubaya'a. Wannan ba ƙaramin zalunci ba ne ga tarihi, kuma shi ya kai mu mataki na gaba.

Mataki na uku: nemi uba, in da hali har kaka

Attahiru na Burmi ɗan Ahmadu ne ɗan Atiku ɗan Shehu. Attahiru na biyu ɗan Aliyu Babba ne ɗan Bello ɗan Shehu. Gida biyu ke nan, gidan Atiku da gidan Bello, waɗanda suka daɗe suna karɓa-karɓar sarautar. Mai Wurno na Sudan ɗan Attahiru na Burmi ne, wato sunansa Bello amma shi ɗan gidan Atiku ne. Garin da ya zauna a gaɓar Nilu kusa da Sinnar har yau da laƙabinsa ake kiransa.

Uba shi kaɗai wani lokaci ba ya isa. A Ƙurɗuba ta ƙasar Andalus an yi alƙalai biyu, kowanne Abul Walid Muhammadu ɗan Ahmadu, kowanne ana ce masa Ibnu Rushdi. Kaka da jika ne. Kakan, babban malamin Malikiyya mai Albayan wat Tahsil, ya rasu a 520 bayan hijira, a shekarar da aka haifi jikan. Jikan shi ne mai Bidayatul Mujtahid, likita kuma masanin falsafa, ya rasu a 1198 miladiyya. Malamai da kansu sai da suka riƙa ƙara "kaka" ko "jika" a bayan sunan. Irin wannan ne a Kano: Muhammadu Sanusi na ɗaya ya bar gadon sarauta a 1963 ya koma Azare, jikansa Muhammadu Sanusi na biyu ya hau a 2014 bayan ya shugabanci Babban Bankin Najeriya.

A nan ka yi hattara da abu ɗaya. A wurinmu suna na biyu yawanci sunan uba ne, ba sunan dangi ba irin na Turawa. Mutum biyu masu "Abubakar" a ƙarshen suna ba lalle su haɗa komai ba. Amma Shehu Musa 'Yar'aduwa, da ya rasu a kurkukun Abakaliki a 1997, da Umaru Musa 'Yar'aduwa, shugaban ƙasa daga 2007 zuwa 2010, wa da ƙane ne, Musa ɗin mahaifinsu ne.

Mataki na huɗu: gari, amma a tabbatar wane garin

Sunan gari yana taimakawa: Aminu Kano, Shehu Shagari, Abubakar Gumi. Matsalar ita ce garuruwan ma suna da takwarori. A jamhuriya ta biyu an yi gwamnoni biyu masu Rimi, duka 'yan PRP, a jihohi maƙwabta. Abubakar Rimi ya mulki Kano daga 1979, Riminsa tana ƙasar Sumaila. Abba Musa Rimi ya hau kujerar Kaduna a 1981 bayan an tsige Balarabe Musa, tasa Rimin tana ƙasar Katsina. Jaridar 1982 da ta ce "Gwamna Rimi" sai ka duba jihar da take magana a kai.

Mataki na biyar: warware laƙabi da sarauta

Wannan mataki yana da fuska biyu. Wani laƙabin raba takwarori yake yi, wani kuwa ƙara cakuɗa su yake.

Mai rabawa shi ne wanda magabata suka ƙirƙira don wannan aikin. Sukan kira sarki da wurin da ya rasu ko inda ya zauna. A Kano akwai Usman Maje Ringim, da ya yi sarauta daga 1846 zuwa 1855, wanda ba shi ne Usman na 1919 zuwa 1926 ba. Akwai Abdullahi Maje Karofi, wanda ba shi ne Abdullahi Bayero na 1926 zuwa 1953 ba. A Sakkwato akwai Atiku Mai Katuru da Atiku na Raba, akwai Aliyu Babba da Aliyu Ƙarami. In ka sami irin wannan laƙabi, riƙe shi da kyau. Sau da yawa ya fi lambar "na ɗaya" da "na biyu" aminci, don ba kowane marubuci ne ke ƙirga sarakuna daga wuri ɗaya ba.

Mai cakuɗawa shi ne laƙabin da ke bin suna duk inda ya je. Kusan kowane Usman ana iya ce masa Shehu, shi ya sa Shehu Shagari sunansa na yanka Usman. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Sadiƙu. Umaru shi ne Sanda ko Faruƙu. Yusufu shi ne Maitama, don haka Yusuf Maitama Sule Ɗanmasanin Kano, da ya rasu a 2017, daban yake da Yusuf Maitama Tuggar na Bauchi, da aka ba ministan harkokin waje a 2023. Irin wannan laƙabi ba shaida ba ne, sunan ne aka maimaita. Amfaninsa ɗaya: yana tuna maka cewa mutum guda zai iya ɓoye a takardu biyu da suna biyu.

Sarauta kuma riga ce, wani ya tuɓe wani ya sa. Da an ce Sardauna zuciya takan tafi wurin Ahmadu Bello, amma kafin shi Abubakar na uku ne ke riƙe da sarautar, har ya zama Sarkin Musulmi a 1938. Takardar da ta ambaci Sardaunan Sakkwato a 1935 ba Gamji take nufi ba. Mutum ɗaya kuma yakan canja sarauta: Atiku Abubakar ya daɗe yana Turakin Adamawa kafin a ɗaga shi zuwa Waziri. Don haka kullum haɗa sarauta da gari da shekara, su uku tare.

Mataki na shida: dubi fagensa da mutanen da ke kewaye da shi

Wannan dabara malaman hadisi ne suka gyara ta tun fiye da shekara dubu, har suka ware mata fanni, Haɗibul Bagadadi ya rubuta littafi guda a kai. Ƙa'idarsu ita ce: in sunan ya rikice, duba wa ya karantar da shi, wa kuma ya ɗauka daga gare shi.

Hadisin farko na Sahihul Buhari, na niyya, ya isa darasi. Buhari ya karɓo shi daga Humaidi, wanda sunansa Abdullahi ɗan Zubairu. Ba sahabin nan ba ne da aka kashe a Makka a shekara ta 73 bayan hijira. Humaidi ya rasu a 219, kuma ba yadda Buhari da aka haifa a 194 zai ji daga sahabi. Humaidi ya ce daga Sufyanu. Sufyanu biyu ne mashahurai, Sauri da ɗan Uyaina, amma an san Humaidi almajirin ɗan Uyaina ne, magana ta ƙare. Shi kuma ya karɓo daga Yahaya ɗan Sa'idu, kuma nan ma biyu ne, Al'ansari da Alƙaɗɗan. Wanda ke wannan silsila Al'ansari ne. Takwarori uku a jere cikin isnadi guda, kuma babu wanda ya ɓace wa malamai, saboda ba su taɓa dogara da suna tsirara ba.

Almajiran ƙasar Hausa suna cin karo da irin wannan kullum. Nafi'u da Imamu Malik ke ruwaito hadisi daga gare shi, daga Ibnu Umar, ba shi ne Nafi'u mai ƙira'a ba, malamin Warshu, wanda ya rasu a 169 bayan hijira. Ibnu Kasir mai ƙira'ar Makka ya rasu a 120, mai tafsiri kuwa a 774. Ibnu Hajar na Fathul Bari da Bulugul Maram shi ne Al'asƙalani, ya rasu a Alƙahira a 852; Alhaitami, malamin fiƙihun Shafi'iyya, ya rasu a Makka fiye da shekara 100 bayansa. Wanda ya fi jawo rigima a majalisi shi ne Ibnul Arabi: Alƙali Abubakar, Bamalike mai Ahkamul Ƙur'an, ya rasu a 1148 miladiyya, Muhyiddini babban sufi kuwa sai a 1165 aka haife shi. Mai wa'azin da bai raba su ba zai kafa hujja da wanda yake suka, ko ya soki wanda yake kafa hujja da shi. Ina ganin duk mai hawa mumbari ya kamata ya haddace waɗannan kafin ya fara jingina magana ga kowa.

Dabarar tana aiki a wajen littattafan addini. Muhammad Ali da ake ambata tare da Joe Frazier ɗan damben Amurka ne, ya rasu a 2016. Wanda ake ambata tare da daular Usmaniyya da mamaye Sudan shi ne mai mulkin Masar daga 1805. Wanda ya zo tare da Gandhi da kafuwar Pakistan a 1947 Muhammad Ali Jinnah ne.

Wani lokaci fagen ma ɗaya ne. Amina Mohammed ta Najeriya ta yi ministar muhalli kafin ta zama mataimakiyar babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2017. Amina Mohamed ta Kenya ta riƙe ma'aikatar harkokin wajen ƙasarta daga 2013 zuwa 2018, kuma a 2017 ɗin nan ta nemi shugabancin hukumar Tarayyar Afirka, Musa Faki na Chadi ya kayar da ita. Mata biyu, aikin diflomasiyya, shekara ɗaya. Kama da wane ba wane ba ce; abin da zai fisshe ka a nan shi ne ƙasa da muƙami, kuma kada ka ɗauki hoto daga intanet sai ka ga sunan ƙasar a ƙarƙashinsa.

Mataki na bakwai: bincike a intanet da sanin rubutu

Kada ka rubuta suna tsirara a Google. Abin da zai fito maka shi ne wanda ya fi shahara a yau, ba wanda kake nema ba. Haɗa sunan da abin da ka tara a matakan baya: "Buhari Haɗeja 1863", ko "Aliyu Babba Kano 1903". Wikipedia tana da shafuka na musamman da ke jera masu suna ɗaya. Fara da su don ka san yawan mutanen da za ka tace, amma kada ka tsaya a nan.

Gwada rubutu daban-daban. Suna guda ne ake rubutawa Muhammadu, Mohammed, Mamman, a Nijar kuma Mahamadou ko Mamadou bisa rubutun Faransanci. Usman a can Ousmane ne, Yusufu kuma Issoufou. Turawan mulkin mallaka sun rubuta sunayenmu yadda kunnensu ya ji, don haka a tsofaffin takardu sai ka sassauta. In malami ne na da, rubuta sunansa da haruffan Larabci, sakamakon ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Mataki na takwas: nemi shaida ta biyu

Shafuka goma da suka kwafi juna shaida ɗaya ce. Abin da kake nema shi ne majiya biyu da ba su ɗauka daga juna ba, misali littafin tarihi da jerin sarakunan fada, ko jaridar lokacin da bakin wanda ya gani. Mai bincike mai zurfi yana da wuraren zuwa: Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, Gidan Makama a Kano, cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da sashen tsofaffin rubuce-rubuce na jami'ar Yamai.

In dattijo za ka tambaya, kada ka sa masa amsa a baki. Maimakon "Baba, ai Alu na Kano ne ko?", ce masa "Baba, wane Aliyun ne, ɗan wa ne, a ina ya rasu?" Tambayar ƙarshen ma ba kullum take raba gardama ba, domin Sarkin Kano Alu, da Turawa suka kama a 1903, da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, mawaƙin nan da suka naɗa a 1903 suka kuma tuɓe daga baya, dukansu a Lakwaja suka ƙare rayuwarsu. Sai ka ƙara da tambayar gari da ta uba.

Mataki na tara: rubuta shi yadda mai karatu ba zai ɓata ba

Farkon ambaton mutum a rubutunka, ba shi cikakkiyar shaida a jimla ɗaya: suna, uba ko laƙabi, gari ko muƙami, da shekaru. Misali: "Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, ɗan Abdullahi Maje Karofi, da ya yi sarauta daga 1894 zuwa 1903." Wannan jimla ta raba shi da Sarkin Musulmi Aliyu Babba na 1842 zuwa 1859. Daga nan zaɓi gajeren suna guda ka tsaya a kansa har ƙarshe. Kada ka ce Alu a sama, Aliyu a tsakiya, Mai Sango a ƙasa. In takwarori biyu sun haɗu a rubutu ɗaya, kowanne ya riƙe alamarsa duk inda ya fito: Attahirun Burmi, Attahiru na biyu.

In ka bi matakan nan duka amma mutum biyu suka rage, kada ka yi canki-canka. Faɗi su biyun, ka kawo abin da ke goyon bayan kowanne. Maganar hikima ko fatawa da ba ka tabbatar da mai ita ba kuwa, cire sunan gaba ɗaya ka ce "an ruwaito". Takardar nan da ka fara da ita a mataki na farko, ajiye ta, ka ƙara mata shekaru da sunayen iyaye da ka gano. Ranar da sunan ya sake zuwa maka, daga kanta za ka fara.